Daga Katanga Zuwa Mai Gadi: Tarihin Toshe Miyagun Adireshi a Intanet

Duk kwamfutar da aka jona da intanet aka bar ƙofarta mai lamba 22 a buɗe, da wuya ta kwana ba a ƙwanƙwasa mata ba. Masu ƙwanƙwasawar galibi wasu kwamfutoci ne da 'yan dandatsa suka riga suka mallake, suna bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna gwada sunaye da kalmomin sirri, ko za su dace da sakaran da bai sauya nasa ba. A yau masu kula da uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke yi wa wasu hidima, sukan bar wa wata 'yar manhaja aikin gadi. Ita ke ƙirga kuskuren baƙo, in ya yi yawa ta umarci katangar tsaro ta rufe masa hanya na ɗan lokaci, ba tare da an tashi kowa daga barci ba. Tarihin wannan dabara bai kai shekara arba'in ba, kuma tun farkonsa yake tafe da tambaya guda wadda har yanzu ba a warware ta ba: shin adireshi ya isa shaida a kan mai laifi?

Adireshin IP lamba ce da ake gane na'ura da ita a kan intanet. A tsohon tsari, wanda ARPANET ta koma kansa ranar 1 ga Janairu 1983, gungu huɗu ne na lambobi daga 0 zuwa 255, kamar 192.0.2.7, kuma jimillar adireshin da tsarin zai iya samarwa ta kai kusan biliyan 4.3. Bayanai suna tafiya ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa da lambar ƙofar da ya nufa. Waɗanda suka tsara wannan hanya malamai ne da masu bincike da suka san juna, don haka ba su tanadi mai tambayar baƙo daga ina ya fito ba.

Wannan yarda ta karye a daren 2 ga Nuwamba 1988. Robert Tappan Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya saki wata manhaja mai hayayyafa kanta, wadda ta riƙa bin ɓarakar manhajojin aika wasiƙa da raunanan kalmomin sirri tana tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Ƙiyasin da ya fi yaɗuwa shi ne ta kama kwamfuta kusan 6,000 cikin kimanin 60,000 da ke intanet a lokacin. Da yake babu wani shinge na kirki, abin da cibiyoyi da dama suka yi shi ne yanke kansu daga intanet baki ɗaya. Sai dai ta hanyar da suka yanke ɗin ne ake aiko bayanin magani, saboda haka wasu daga cikin waɗanda suka fi gaggawar rufe ƙofa su ne suka fi jinkirin samun waraka. A cikin watan ne aka kafa cibiyar ɗaukin gaggawa ta CERT a Jami'ar Carnegie Mellon, a 1990 kuma kotu ta yanke wa Morris hukuncin ɗaurin talala na shekara uku da aikin al'umma na awa 400 da tara.

Daga nan aka shiga zamanin katanga. Sunan da Turawa suka ba ta sun aro shi ne daga magina, domin haka suke kiran bangon da ake yi tsakanin sassan gini don hana gobara tsallakawa. Katangar farko jerin ƙa'idoji ce kawai: ƙunshin da ya fito daga wuri kaza zuwa ƙofa kaza a bar shi, saura a jefar. Injiniyoyin kamfanin DEC sun yi aiki a kanta a ƙarshen shekarun 1980, Bill Cheswick da Steve Bellovin na ɗakin binciken Bell kuma suka wallafa littafin da ya zama madogara a fannin a 1994. A shekarar ce kamfanin Check Point na Isra'ila ya fito da FireWall-1, wadda ke tuna hirar da aka fara, ta yadda za ta bambance amsar abin da aka nema daga ciki da baƙon da ya zo ba gayyata. Duk da wannan ci-gaba, mutum ne ke rubuta ƙa'idojin da hannunsa, kuma yadda ya bar su haka za su zauna har ya dawo.

Wanda ya fara kusantar tunanin mai gadi shi ne Wietse Venema na Jami'ar Fasaha ta Eindhoven a ƙasar Holan. A 1990 wani ɗan dandatsa ya addabi kwamfutocin jami'ar, yana shiga yana share duk abin da ke ciki. Venema ya rubuta ƙaramar manhaja mai suna TCP Wrapper, wadda ke tsayawa gaban kowace hidima ta rubuta adireshin mai neman shiga, sannan ta duba takardu biyu, ɗaya ta waɗanda aka yarje wa, ɗaya ta waɗanda aka hana. Muhimmancinta bai tsaya ga hanawa ba. Ta koya wa masu kula da kwamfuta ajiye rajistar baƙi, kuma a kan wannan rajista ce aka gina kusan duk abin da ya biyo baya.

Abin mamaki, matsin da ya haifi jerin sunaye mai sauyawa da kansa bai fito daga masu kutse ba, daga 'yan talla ya fito. A tsakiyar shekarun 1990 wasiƙun tallan da ba wanda ya nema sun cika akwatunan jama'a. Paul Vixie, wanda ya daɗe yana kula da BIND, manhajar da ke fassara sunayen shafuka zuwa lambobi, ya fara tara adireshin masu wannan ta'ada don amfanin kansa. A 1997 shi da Dave Rand suka buɗe jerin ga wasu da sunan RBL, ƙarƙashin ƙungiyar MAPS. Da farko ta hanyar yarjejeniyar BGP ake rarraba shi, wadda manyan na'urorin raba hanya ke amfani da ita wajen gaya wa juna inda kowane adireshi yake. Duk adireshin da ya shiga jerin, sai na'urar ta nuna wa saƙonsa hanyar da ba ta ɓullewa ko'ina, ya faɗa rami. Daga baya aka samo hanya mafi sauƙi. Uwar garken da wasiƙa ta zo mata daga 192.0.2.7 sai ta juya lambar ta koma 7.2.0.192, ta liƙa mata sunan jerin, ta tambaya kamar mai neman wani shafi. In amsa ta dawo da 127.0.0.2, to adireshin yana cikin jeri, sai ta ƙi karɓar wasiƙar. Cikin ƙiftawar ido ake gama wannan, kuma da zarar mai jerin ya ƙara suna ko ya cire, dubban kwamfutoci a faɗin duniya sun bi hukuncinsa. A 1998 Steve Linford ya kafa Spamhaus a Ingila a kan wannan turba.

Nan take aka gane cewa mai riƙe da irin wannan jeri ya zama alƙali ba tare da kowa ya naɗa shi ba. A shekarar 2000 kamfanoni irin su Yesmail da Harris Interactive suka maka MAPS a kotu. A 2006 wata kotu a jihar Illinois ta umarci Spamhaus ta biya kamfanin e360 diyyar dala miliyan 11.7, bayan Spamhaus ta janye daga shari'ar bisa hujjar cewa kotun Amurka ba ta da hurumi a kanta. An yi ta ɗaukaka ƙara har 2011, inda diyyar ta koma dala uku. Masu riƙe da jerin ma ba su kuɓuta daga zargi na gaskiya ba, domin wasunsu sukan sanya unguwar adireshi sukutum a jeri da gangan, don maƙwabtan da ba su ji ba ba su gani ba su matsa wa kamfaninsu ya kori mai laifin. Mafi munin misali ya faru a Agustan 2003. Mai kula da jerin Osirusoft, bayan hare-hare sun gallabe shi, ya rufe aikin ta hanyar sa jerin ya amsa cewa kowane adireshi a duniya mai laifi ne. Duk uwar garken da ta dogara da shi ta wayi gari tana korar wasiƙun kowa da kowa.

A gefe guda kuma kayan aikin katanga suna ta inganta a babbar manhajar Linux, wadda akasarin uwayen garke ke amfani da ita. An tashi daga ipfwadm zuwa ipchains a 1999, sannan iptables da ta zo a Janairun 2001, aikin da Rusty Russell na Ostareliya ya jagoranta. Amfanin iptables a wannan tarihi shi ne ana iya ƙara mata ƙa'ida ko a cire tana cikin aiki, da umarni na layi guda. Ƙofa mai lamba 22 kuwa ta SSH ce, hanyar shiga kwamfuta daga nesa a asirce, wadda Tatu Ylönen ya ƙirƙira a Finlan a 1995 bayan an saci kalmomin sirri a jami'arsa. Da ta zama ƙofar da kowane mai kula da uwar garke ke bi, sai ta zama ƙofar da ɓarayi suka fi ƙwanƙwasawa.

Ke nan akwai rajista mai rubuta kowane kuskure, akwai kuma katanga mai karɓar sabon umarni a kowane lokaci. Abin da ya rage shi ne ɗan aike tsakaninsu. A 2004 Cyril Jaquier ya fitar da fail2ban, wadda ya rubuta da harshen Python, shekara guda bayan haka Phil Schwartz ya fitar da DenyHosts. Aikin fail2ban ba shi da sarƙaƙiya. Tana karanta rajista layi-layi tana neman siffar jumlar da ke nuna an yi kuskuren kalmar sirri, ta ciro adireshin, ta ƙirga. A saitinta na yau, kuskure biyar cikin minti goma yana jawo toshewar minti goma. Wanda ya yi ta dawowa ana iya ba shi mako guda. Hikimar tana cikin wa'adin. Minti goma bai isa ya cuci ma'aikacin da ya manta kalmarsa ba, amma ya isa ya karya lagon na'urar da ke buƙatar gwaji dubbai kafin ta dace. Wa'adin kuma amincewa ce a fakaice cewa adireshi yana sauya hannu, wanda ya yi laifi da shi da safe ba lalle ne shi ke riƙe da shi da yamma ba. Da jerin ya riƙa kumbura har dubban ƙa'idoji suka fara nauyaya katanga, domin iptables tana bin su ne ɗaya bayan ɗaya, sai ipset ta Jozsef Kadlecsik ta shiga cikin Linux a 2011. Ita tana tara adireshi a rumbu guda da ake dubawa a tashi ɗaya, kowanne da agogonsa, in wa'adinsa ya cika ya fice da kansa. Magajiyar iptables, wato nftables ta 2014, da wannan siffa aka haife ta.

Mai gadin da ke aiki ba tare da tunani ba ana iya juya shi ya kori maigida. A 2007 Daniel Cid ya nuna cewa maƙiyi zai iya rubuta sunan shiga na bogi mai ɗauke da adireshin wani, sunan ya faɗa rajista, manhajar ta karanta ta ɗauka wancan ne mai laifin ta toshe shi. An gyara wannan ɓaraka, amma darasin ya zauna: rajista tana ɗauke da kalaman abokin gaba. Akwai kuma abin dariyar da kusan duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya sani, na mai kula da uwar garke da ya yi kuskuren kalmarsa sau biyar, katangar da ya gina da hannunsa ta bar shi a waje. Saboda haka ne manhajar ta tanadi jerin adireshin da ba a taɓawa.

Su ma maharan sun karanta ƙa'idar. Daga 2008 Peter Hansteen na ƙasar Norway ya lura da wani salo a rajistarsa: ɗaruruwan kwamfutoci suna gwada suna ɗaya bi da bi, kowacce ta gwada sau ɗaya ko biyu ta ja da baya na tsawon lokaci, ta yadda babu wadda ke kai adadin da za a toshe ta. Amsar da aka bayar ita ce haɗa ido. Tun shekarar 2000 Johannes Ullrich ya kafa DShield don tara rajistar katangu daga masu sa-kai, kuma CrowdSec ta Faransa, wadda ta fito a 2020, a kan wannan tunani take: adireshin da ya yi ɓarna a wani gida a sanar da sauran gidaje kafin ya iso. Sai dai haɗa ido yana faɗaɗa kuskure kamar yadda yake faɗaɗa kariya.

Shekarar 2016 ta nuna iyakar dabarar baki ɗaya. Manhajar Mirai ta riƙa neman kyamarorin tsaro da na'urorin intanet na gida da ba a sauya musu kalmar sirrin masana'anta ba, tana gwada sunaye da kalmomi sittin da 'yan kai kacal. Da wannan ɗan jeri ta mallaki na'urori kusan 600,000 a ganiyarta. A watan Satumba aka auka wa shafin ɗan jarida Brian Krebs da ita, ranar 21 ga Oktoba kuma aka durƙusar da kamfanin Dyn, abin da ya hana jama'a da yawa shiga Twitter da Netflix. Afirka ta Yamma ma ta ɗanɗana. Wani Bature ɗan Ingila, Daniel Kaye, ya yi amfani da wani reshe na Mirai ya kai wa kamfanin sadarwa na Lonestar hari a Laberiya, har intanet ɗin ƙasar ya riƙa yankewa a watan Nuwamba, kuma a Janairun 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure shi wata 32. A irin wannan ambaliya toshe adireshi ɗaya-ɗaya a bakin uwar garke ba ya kashe ƙishirwa, domin hanyar ta riga ta cika tun kafin ƙunshi ya iso katanga. Wani abin lura a nan shi ne Mirai ma tana da nata jerin: marubutanta sun hana ta taɓa adireshin Ma'aikatar Tsaron Amurka da na hukumar gidan waya da wasu manyan kamfanoni, gudun jawo wa kansu ido.

Babbar matsalar dai tana can a tushe, wato ɗaukar adireshi a matsayin mutum guda. A daidai shigowar 2007 wani mai kula da Wikipedia ya toshe adireshi ɗaya saboda ɓarna, ashe ta wannan adireshi ne kusan duk masu intanet na ƙasar Katar ke fitowa. An ɗage toshewar cikin ƙasa da yini, amma ta nuna yadda wake ɗaya ke ɓata gari. Gwamnatoci sun maimaita kuskuren da girma. A Afrilun 2018 hukumar sadarwa ta Rasha, a ƙoƙarinta na rufe Telegram, ta toshe miliyoyin adireshin Amazon da Google. Harkokin kamfanoni da dama da ba ruwansu suka tsaya, Telegram kuwa ta ci gaba da aiki har aka janye haramcin a Yunin 2020.

Wannan matsala ba ta faɗa wa kowa daidai ba, kuma dalilin yana cikin yadda aka raba adireshi tun asali. A farkon zamani an riƙa ba cibiyoyin Amurka manyan rukunai kyauta. Kamfanin Apple yana riƙe da duk adireshin da ya fara da 17, Ford kuma da 19, kowane rukuni adireshi 16,777,216. Afirka ba ta samu hukumar rabon adireshi tata ba, wato AFRINIC mai mazauni a tsibirin Mauritius, sai 2005, ita ce ta ƙarshe cikin hukumomi biyar na duniya. A Afrilun shekarar aka ba ta rukunin da ya fara da 41, daidai girman abin da Apple shi kaɗai ke da shi. Kafin ranar, rukunin yana cikin waɗanda ba a raba wa kowa ba, kuma al'adar masu katanga ce su toshe irin waɗannan, tunda saƙon da ya fito daga adireshin da ba shi da mai shi jabu ne. Jerin da aka rubuta da hannu aka manta da shi ba ya sanin an yi rabo, saboda haka sababbin masu adireshi sukan daɗe suna cin karo da ƙofofin da aka rufe tun kafin a haifi hanyarsu. Ranar 3 ga Fabrairu 2011 rumbun duniya ya ƙare, AFRINIC ta karɓi rukunin 102 a rabon ƙarshe.

A lokacin ne kuma wayar hannu ke shigar da miliyoyin mutane intanet a Nijar da Najeriya da Ghana da Kamaru da Chadi. Da adireshi bai wadata ba, kamfanonin waya suka koma tara masu hulɗa da yawa a bayan adireshi guda, su riƙa bambance su da lambar ƙofa a cikin gida. Daga waje kuwa duk mutum ɗaya ake gani. Idan waya ɗaya a cikin taron ta kamu da muguwar manhaja, ko wani ya yi ta gwada kalmar sirrin da ba tasa ba, hukuncin yana hawa kan adireshin, ya shafi ɗalibar da ke neman cike takardar jami'a a Maraɗi da ɗan kasuwar da ke son biyan kuɗin kaya daga Kumasi. Abin da su ke gani shi ne shafi ya ƙi buɗewa, ko a yi ta sa su zaɓen hotunan motoci da fitilun hanya don su tabbatar su mutane ne. Ba a gaya musu laifin da aka yi, ba su kuma san wurin da za su kai kuka ba. Injiniyoyin intanet sun yi gargaɗi a kan haka a rubuce tun 2011, a takardar da ake kira RFC 6269. Wasu masu shafuka ma ba sa wahalar da kansu da ƙirga kuskure, ƙasa guda suke rufewa, kuma Najeriya ta daɗe tana shan wannan saboda tabon 'yan damfarar 419. A ma'aunin adalci, wannan koma-baya ne daga abin da Jaquier ya gina, domin fail2ban aƙalla tana jiran a yi laifi, tana kuma yafewa bayan minti goma.

Sabon tsarin adireshi, IPv6, ya juya matsalar ne ta ɗaya gefen. A cikinsa ƙaramin rabon da ake ba gida guda ya ƙunshi adireshi fiye da biliyan sau biliyan 18, don haka mahari zai iya sauya adireshi a kowane gwaji ba tare da ya maimaita ba. Toshe guda ɗaya ba shi da amfani, dole a toshe rukuni, kuma babu wata lamba da ke gaya wa katanga inda gidan mai laifi ya ƙare na maƙwabcinsa ya fara, tunda kamfanoni ba girman rabo ɗaya suke bayarwa ba. Ita kanta fail2ban ba ta fara gane adireshin IPv6 ba sai a fitowarta ta 2017, shekara goma sha uku bayan ta farko. Masu kula da uwar garke da yawa sun rage dogaro da adireshi a ƙofa ta 22: sun kashe shiga da kalmar sirri gaba ɗaya, sun koma mabuɗin sirri da ake ajiyewa a kwamfutar mai shi, wanda ba a iya cankarsa da gwaji. Duk da haka akasarinsu sukan bar mai gadin a bakin aiki, ko don rajista ta rage cika da ƙwanƙwasar baƙi.